Kwanon da Aka Ara na Kwana Biyu

Babu abin da ke mutuwa a al'adar mutanen Kanton muddin ya faɗa hannun wanda ya san darajarsa. Haka aka rubuta da ruwan zinare a katin gayyatar ƙaddamar da littafin Julian Tam. A bayan katin kuma uban matarsa, Mak Shiu-tong, ya rubuta da biro: lemo, turare, kaza, kwano.

Ya riga ya soke lemo da turare. Yanzu yana tsaye a gaban rumfar Fong mai dafaffun kaji a kasuwar Sham Shui Po, idonsa a kan wuƙarta.

"Kar ki sare. Da kanta da ƙafafunta nake so."

"Na sani, Kawu Mak. Mako bakwai ke nan kana gaya mini, sai ka ce jiya na fara sana'ar." Ta ajiye wuƙar ta goge hannu a zanen gabanta. "Yau ce ta ƙarshe?"

"Yau arba'in da tara."

Fong ta mayar da kazar da ta ɗauko, ta sauko da wata daga ƙugiya. "Ga wadda ta fi ƙiba. Shekara ashirin matarka tana sayen kaza a wurina, ba ranar da ba ta ce ramammiya na ba ta ba. Yau dai ta rasa ta cewa."

"Za ta samu."

"Za ta samu kam," in ji Fong, ta yi dariya, ta juya masa baya ta daɗe tana neman ledar da ke rataye a gaban hancinta.

Tun da matarsa Sau-kwai ta rasu, duk kwana bakwai yakan shirya mata abinci da ƙarfe shida na yamma, lokacin da ta saba zubawa. Ya ajiye tsinkayen cin abincinta a gefen da take zama, ya kunna turare, ya zauna yana kallon tururin shinkafa har ya ɗauke. A al'adarsu, ran mamaci yakan dawo gida cin abinci duk mako har kwana arba'in da tara. Na yau ne na bakwai. Daga yau ta kama hanyarta, ba a sake ajiye mata wuri a tebur. Sau shida ya zuba mata a wani kwanon gilashi da banki ya taɓa ba su kyauta, sau shida yana ba ta haƙuri. Bai yi niyyar ba da haƙuri na bakwai ba.

Kwanon nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Farin tangaran ne da zanen zakara ja mai baƙar jela, irin wanda a da ake zubewa a bakin titi ana sayarwa a kan kuɗin da bai kai na shayi ba. Bakinsa ya ɗan ɓantare a wuri ɗaya. A cikin tsakiyarsa akwai harafin Kwai, na sunanta, wanda ubanta ya sassaƙa da ƙusa, ɗigo-ɗigo, can ƙauyensu a Shun Tak. A ƙauyen idan ana biki gida-gida ake bi a aro kwanuka, in an watse kuma da wannan alamar kowane kwano ke komawa gidansu. Da shi ta tsallako iyaka zuwa birnin nan tana 'yar shekara sha tara, naɗe a cikin riga. Shekara hamsin da biyu ba ta ci a wani ba sai a asibiti, inda ma ba ci take yi ba.

A kwanakin asibitin ne 'yarsu Wing-sze ta zo ta ɗauka. "Kwana biyu kawai, Baba. Hoto za a ɗauka don littafin Julian." Yanzu an shiga wata na biyar.

Ya hau bas mai bene, mai bi ta hanyar da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa zuwa tsibirin da shagon Julian yake, ya zauna a sama can gaba da ledojinsa a cinya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa irin wannan bas, har yau ƙafarsa ta dama takan taka birki a ƙasa kafin direba ya tuna. Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, kana ina? Ina jin ƙugin mota."

"Ina hanyar wajenku."

"Ai na ce zan kawo maka da kaina in an tashi taro."

"Haka kika ce wancan makon."

"Baba, yau fa akwai 'yan jarida. Ƙarfe takwas ina gida, ba fashi."

"Ƙarfe shida take ci. Kin taɓa ganin uwarki ta jira wani?"

Yana jin muryar mijinta a baya yana ba wani umarni da Turanci.

"To ka zo," ta ce a hankali. "Ka zo ɗin."

Sunan da iyayen Julian suka sa masa Tam Ho-yin. Ubansa dunƙulen naman kifi yake sayarwa a amalanke a Mong Kok. Yaron ya yi shekara biyu a Landan, ya dawo da sabon suna, da tabarau masu zagaye, da labarin cewa ashe muna da al'ada. Shagonsa yana Sheung Wan, a layin da masu akwatin gawa suke a da. A ciki ana sayar da duk abin da talakan garin nan suka yi shekara hamsin suna fafutukar rabuwa da shi: jar fitilar roba ta masu sayar da ƙwai, fulas mai furanni, kalanda mai yagewa kullum, kujerar ƙarfe mai naɗewa wadda ta ciji yatsan kowane yaro da ya tashi a ɗaki ɗaya da iyayensa. Sai dai yanzu kowanne yana da ɗan kati a gefe mai bayani cikin harshe biyu, da farashin da in mai shi na asali ya gani sai ya nemi wurin zama.

Uku saura Mak ya iso. Shagon ya cika da mutane sanye da baƙaƙen kaya, kowa riƙe da dogon kofin gilashi. Ganin baƙaƙen kayan ya ɗan ji daɗi, ya ɗauka na makoki ne, kafin ya gane ado ne.

A tsakiyar shagon, ƙarƙashin fitila, an jera kwanuka hawa shida. Ya matsa kusa. Zakara ja, baƙar jela. Ɓantarewa a baki, daidai inda take. Ya ajiye ledar lemo a ƙasa ya ɗauki ɗaya ya leƙa ciki. Kwai. Ya mayar, ya ɗauki na kusa da shi. Kwai. Ya miƙa hannu hawa na biyu.

"Kawu, a hankali," in ji wata murya daga bayan kanta. "Ɗaya dala ɗari huɗu da tamanin ne. In ya faɗi a albashina za a ji."

Madam Kwok ce, mai karɓar kuɗi, mace mai shekara hamsin da wani abu wadda ta yi rabin rayuwarta a shagon tangaran na gaske kafin haya ta kore shi. Ta zagayo ta karɓi kwanon daga hannunsa. A nan ta ga ƙafafun kaza sun leƙo daga leda, ga ƙunshin turare a gefe. Ta sake duban fuskarsa.

"Kai ne mahaifin Madam Tam?"

"Ni ne mijin mai kwanon."

Ta jawo ɗaya daga kujerun ƙarfen da ake sayarwa, ta cire katin farashin ta buɗe masa.

"Guda nawa ne?" ya tambaya da ya zauna.

"Ɗari biyar aka yi."

"Saura nawa?"

"Abin da ka gani. Sittin da 'yan kai."

"Sauran suna ina?"

"Ina ne ba sa? 'Yan garin nan da suka yi ƙaura su suka fi saye. Vancouver, Manchester, Sydney. Ko jiya wata ta aika da shida Toronto. Wai suna tuna mata da kakarta."

"Kakar tata Kwai ne sunanta?"

"Ban tambaya ba, Kawu. Katinta kawai na karɓa."

Mak ya daɗe yana kallon jerin. "Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba," ya ce. "Ko nan kusa Sha Tin muka je sai na riƙe mata hannu. In ta shiga kanti ta fita ta wata ƙofa, shi ke nan ta ɓata. Ni ne na san hanyoyi." Ya gyara ledar kaza a cinyarsa. "Gida ɗari huɗu da sunanta a kan tebur. Yau wanne za ta shiga?"

Madam Kwok ta gyara wasu katuna da ba su karkace ba.

"Gidan da aka sayi kaza," ta ce daga baya. "Su waɗancan makullan mota suke zubawa a ciki."

Don ta sama masa abin yi, ta ɗora masa littafin a gwiwa. Ya kai nauyin ƙaramin buhun shinkafa, takardarsa kuwa ta fi zanen gadonsa laushi. Ya yi ta buɗewa: fulas shafi guda, tsintsiya shafi biyu. Can tsakiya ya ga kwanon, shi kaɗai a kan baƙin fili, kamar hoton wani babban mutum. Ya juya shafi. Kwanon ne dai, amma an raba shi biyu daga baki har gindi, an ɗan nisanta ɓarin biyu. Kan zakaran yana hagu, jelarsa tana dama. Harafin ma ya rabu. A ƙasa akwai rubutu ƙanana, toka-toka a kan baƙi, yadda masu zane suke so don kada karatu ya ɓata musu shafi. Mak bai zo da tabaransa ba.

"Mene ne wannan?"

Madam Kwok ta leƙo. "Aikin kwamfuta ne, Kawu. Yanzu har mutum suna rabawa biyu su haɗe." Ta rufe littafin da sauri ta ɗauke. "Naka ga shi can a akwatin gilashi, ba abin da ya same shi."

"Baba! Ka zo!" Julian ne ya ratso mutane da hannuwa a buɗe, ya tsaya taku ɗaya kafin ledar kaza. "Me ya sa ba a ce mini ka iso ba? An ba ka abin sha? Zo gaba, kowa yana son ganinka."

"Kwano na zo karɓa, Ho-yin. Ina da bas."

"Yanzun nan, Baba. Da hannunmu za mu miƙa maka, a gaban kowa. Minti biyar."

A yi masa adalci, Julian ba mugu ba ne. Ya yi kuka a jana'iza, shi ya biya kuɗin furanni, kuma ya yarda har zuciyarsa cewa babu surukin da ya taɓa karrama uwar matarsa kamar yadda ya yi. Ya tsayar da tsohon a gefen akwatin gilashin ya yi jawabi na minti ashirin da biyar. Ya yi magana a kan hannun talaka, da ƙwaƙwalwar birni, da yadda ya tsaya kai da fata sai da masana'anta ta fitar da kaurin kwanon daidai da na asali, ko gashi bai bambanta ba. Ya ce ɓantarewar bakin ita kaɗai ta ci wata biyu. A ƙarshe ya cire tabarau ya ce, da murya mai rawa, surukarsa ba ta tafi ko'ina ba, tana zaune a tebur ɗari huɗu a nahiya huɗu. Aka yi tafi, irin tafin masu riƙe da kofi.

Wing-sze ce ta buɗe akwatin. Shekararta arba'in da ɗaya, ita ke riƙe da duk abin da ke shagon wanda ba jawabi ba. Tun da ya shigo ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta ɗauko kwanon da hannu biyu ta miƙa masa, ta ɗan sunkuya.

"Ga kwanon Mama, Baba. Ka yi haƙuri da jinkirin."

Ya ajiye ledojinsa ya karɓa. Wannan ba ya ƙyalli kamar na jeri. Farinsa ya dishe, gindinsa ya goge, ɓantarewar bakin ta yi duhu. Nauyin ma shi ne. Ya ji numfashin da ya riƙe tun safe yana sauka.

A gidansu ita ke dafawa, shi ke wanke-wanke. Haka suka raba tun makon farko na aurensu, don ta ce shinkafarsa ko kare sai an roƙa. Duk dare babban yatsansa yakan zagaya cikin kwanon nan ya bi ta kan ɗigon ƙusar, su ɗan kama fata, kamar gemun kwana ɗaya. Ba tunani ya yi ba yanzu, yatsan ne ya tafi inda ya saba.

Santsi. Harafin yana nan, ido na ganinsa, amma a ƙarƙashin ƙyallin tangaran yake. Ya sake zagayawa. Santsi.

Ya ɗaga kai. Hannuwan 'yarsa suna nan a miƙe, ba ta janye ba. Gefen farcenta duk ya rine, ja-ja baƙi-baƙi, rinin da baƙin shayi ke yi wa wanda ya daɗe da hannu a ciki. A kan yatsa biyu akwai ƙujewar takardar goge katako. Fuskarta kuwa ta uwarta ce sak, ranar da ta dawo daga wajen likita ta ce ba komai, gyambon ciki ne.

"Baba, ɗan ɗaga shi sama," in ji mai ɗaukar hoto. "Yawwa. Murmushi kaɗan."

Ya ɗaga. Fitila ta haska sau uku.

"Na gode," ya ce wa 'yarsa.

Aka koma wajen teburin da Julian zai sa hannu a littattafai. Mak ya kwashi ledojinsa a hannu ɗaya, kwanon a ɗaya. Bai nufi ƙofa ba. Ya je ya tsaya a layin kanta, bayan wata budurwa mai rungume da fulas biyu da wani Bature da ya sayi tsintsiya.

Wing-sze ta biyo shi. "Baba, me kake yi a nan? Ga ƙofa can."

"Layi nake bi."

"Layin me? Naka ne ai."

"Na shago ne."

Ta tsaya kamar an watsa mata ruwa. Budurwar ta biya ta wuce, layin ya matsa, shi ma ya matsa.

"Baba." Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ban san 'yan masana'anta sun yanka shi ba sai da aka gama. Ca suka yi aunawa za su yi, ban san haka suke aunawa ba. Na je har can, na kwana biyu a mota—"

"Ɓarin biyun suna ina?"

"Sun ce ba sa ajiye samfur."

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa an rufe wata hanya.

"Wannan fa, kwana nawa kika jiƙa shi a shayi?"

"Tara."

"Ya yi duhu da yawa. Uwarki ba ta barin kwano ya kwana da datti. In ta gani sai ta ce ni ne na lalace."

Wing-sze ta sa bayan hannu ta toshe bakinta. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Share fuskarki," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Ana ɗaukar hoto. Mijinki yana nemanki."

Baturen ya karɓi tsintsiyarsa a cikin doguwar jaka mai ƙulli. Mak ya ɗora kwanon a kan kanta. Madam Kwok ta dube shi, ta dubi Wing-sze, ta tura kwanon baya da yatsa ɗaya.

"Haba Kawu. Ɗauki abinka ka tafi."

"Buga kuɗinsa."

"To akwai ragin da ake yi wa 'yan gida—"

"Nawa kika ce ɗazu?"

"Ɗari huɗu da tamanin."

Ya zaro walat daga aljihun ƙirji, ya fitar da takardar ɗari biyar, ya miƙar da kusurwarta da ta lanƙwashe, ya ajiye. Na'ura ta yi ƙara ta tofo rasit. Can baya wani ya faɗi abin dariya, Julian ya amsa da Turanci, aka sake dariya.

"A sa a akwatin kyauta?" Bakinta ne ya saba, ta faɗa kafin ta kama kanta.

"Jarida ta isa. Yau za a ci a ciki."

Babu jarida a shagon. Madam Kwok ta sunkuya ta ciro tata daga jaka, wadda ba ta gama karantawa ba, ta naɗe kwanon ninki uku yadda ake yi a tsohon shagonsu, ta cusa bakin takardar a ciki. Ta miƙa masa canjin dala ashirin da hannu biyu. Ya karɓa, ya gyara wa kwanon wuri a tsakanin lemo.

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu da kwata, Kawu."

"Zan samu bas," ya ce, ya tsaya yana jiran masu kofi su ba shi hanya.